Salmanu Mai Faci, Wanda Ya Kori Cinikinsa da Hannunsa

Duk wanda ya taɓa kwana a Hillar Malam ya san ƙarar da ke biyo bayan sallar asuba: Salmanu mai faci ne ke jan ƙofar kwanon shagonsa. Zai fito da bahon ruwan da yake tsoma tiyub don gano huji, ya jingine ƙarafan cire taya, ya tada injin iska. Daga nan ya ɗauki tsintsiya ya tsallaka hanya, ya share gindin katangar ƙubba, aikin da babu wanda ya ɗora masa. Sai Habi, matarsa, ta kawo masa jabana, gahawarmu ta nan, da zafinta, ya kurɓa a tsaye yana jiran motar farko. Haka yake tun gemunsa na baƙi. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, baya ya ƙi, ido ya fara hazo. Na ga bai kamata ƙofar nan ta rufu shiru ba.

Ga wanda bai san garinmu ba, muna kudu da Abu Hujar, kusa da kogi. A tsakiyar gari akwai ƙubbar Malam Usmanu, wanda ya jagoranci kakanninmu daga yamma da niyyar hajji, ƙafa ta tsaya musu a nan. Ginin ƙasa ne, da makarantar allo a gefensa. Matsalar ita ce hanya ɗaya tak da ke fitowa daga manyan gonakin yamma zuwa kwalta ta gindin katangar take bi, kuma a nan ta fi ƙunci. Da kaka ta yi, manyan motocin riɗi da dawa su yi layi, rakshoshi masu ƙafa uku su cusa kai, amalanken jaki su toshe abin da ya rage. Idan lori ya tada, ƙasa na zubowa daga jikin ƙubba kamar ana tankaɗe. Da damina kuwa laka ce ke riƙe motar har sai ta ga dama.

Wannan cunkoso shi ne abincin Salmanu. Ramukan suna fasa taya, direban da ya maƙale ba shi da wurin zuwa sai shagonsa. Da wannan ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya. Babu mutumin da ya fi shi dalilin yin shiru.

Sai ranar hauliyya ta wata shekara, ranar da masu ziyara ke cika gari don tunawa da Malam, ta faɗo a tsakiyar kakar riɗi. Wani lori ya so ja da baya don ya ba wani hanya, ya daki katangar gabas. Katanga ta zube kan Talatu mai gyaɗa, bazawarar da ke zama a inuwarta da tirenta. Aka tono ta da rai, ƙugu ya karye. Ga mota a tsaye da za ta kai ta asibitin Abu Hujar, amma gaba a toshe, baya a toshe. Salmanu ya shiga gidansa ya ciccibo gadon igiya, aka ɗora ta, shi da wasu maza suka saɓa a kafaɗa. Suka bi ta bayan gari, suka ratsa gonaki, karan dawa na yankar ƙafafunsu, har suka ɓullo bakin kwalta. Talatu na nishi a samansa, shi kuwa yana jin ƙasar da yake takawa: tudu ne mai tauri, babu gida, babu rijiya. Da ya dawo ya zauna a ƙofar shago bai taɓa taya ko ɗaya ba har magariba.

Ran Juma'a, bayan an sallame, ya miƙe a masallaci. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a taro ba. Ya ce a fitar da hanyar manyan motoci ta bayan gari, ta inda suka bi da Talatu.

Alhaji Nuraddeen, babban ɗan kasuwar garin, mai rumbunan hatsi a bakin tsohuwar hanya, ya dube shi ya yi murmushi. “Ya zol, mutumina, kai da ke ci da tayar da ta fashe, kai za ka kori lori? In motoci sunka bar bi ta nan, wa zai sayi shayi, wa zai sayi burodi? Kasuwa za ka kashe muna.”

“Kasuwa in ta mutu ana tada ta, Alhaji,” in ji Salmanu. “Da Talatu ta mutu fa?”

A gida ma bai samu sauƙi ba. Habi ta ajiye masa tuwo ta tsaya a kansa. “Baban Malak, ni ban ce ba ka da gaskiya ba. Amma in hanyar nan ta tashi, mi za mu ci?”

Ya ture kwanon gefe. “Ban sani ba, Habi. Wallahi ban sani ba. Amma nishin matar nan bai fita kunnena ba.”

Ba ta ƙara tada maganar ba. Ita ce ma ta riƙa wanke masa farar jallabiyarsa duk ranar da zai tafi ofishin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma.

Ya yi zaryar ofishin nan har masu gadi suka san sunan jikokinsa. A ce ya dawo bayan idi, ya dawo a ce an canja shugaba, sabon ya ce bai san zancen ba. Gwamnati ta sauya a Khartum, Salmanu bai sauya ba. A ƙarshe wata injiniya, Najwa, ta yarda ta biyo shi. Ta taka tudun da ƙafarta, ta ga tsagar da ke jikin ƙubba, wadda hannu ke shiga har wuyansa. Ta gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: “Ya ammi, babana, layin nan ya yi. Zan iya nemo muku girada ta share. Amma diyyar gonaki babu, tsakuwa ma babu. In masu gona sun bayar don Allah, ka kira ni.”

Cikin gonakin da layin ya ratsa akwai tasa, gadon mahaifinsa. Bai jira kowa ba. Ya ɗauki lauje ya yanke dawarsa tana kore, ta fara fitar da kai, ya zuba wa awaki. Mutane suka tsaya a kan iyaka suna salati. Kafin damina ta ƙare sauran masu gonakin sun bi sahu, ɗaya bayan ɗaya, wasu da daɗin rai, wasu don kunya. Saura gona ɗaya, mafi girma, a tsakiyar layin: ta Alhaji Nuraddeen.

A nan ba zan ɓoye halin Salmanu ba, don jinjinar da babu gaskiya a cikinta roƙo ce. Yana da kaifin harshe. A wani zama ya ce wa Alhaji, a gaban surukansa, wai ya fi son buhu da ran mutum. Maganar nan ta mayar da aikin baya da kaka biyu, Alhaji ya rantse ko taku ɗaya ba zai bayar ba. Sai da Salmanu ya haɗiye girman kansa, ya je ƙofar rumbun da rana tsaka, kasuwa na kallo, ya cire hula ya ce, “Alhaji, na yi maka ba daidai ba. Ka yafe mini. Laifina kada ya shafi gari.” Alhaji ya ce ya yafe, amma gona tana nan.

Talatu ce ta ƙarasa. Ta warke da sanda, ƙafa ɗaya ta gajarce. Wata safiya ta roƙi Salmanu ya kai ta ƙofar rumbun Alhaji a amalanke, ta shimfiɗa buhu ta ajiye tirenta. Alhaji ya fito ya gan ta.

“Talatu, lafiya?”

“Lafiya lau, Alhaji. Ba roƙo na zo ba. Na duba garin ga duka, na ga ƙofarka kaɗai ce lori ke jin kunyar takawa.”

Kullum sai ta zo, ta gaishe shi da ladabi, ta sayar da gyaɗarta. Ba a kai ga sabon wata ba Alhaji ya aika a kira Salmanu. “Ku bi ta gonar,” ya ce. “Amma a bar wa masu shayi da masu abinci wuri a bakin sabuwar hanyar.” Wannan sharaɗi nasa kuwa shi ya ceci kasuwar, a faɗi gaskiya.

Saura tsakuwa. A nan shekarun facin Salmanu suka yi rana. Babu direban da ke bin hanyar Damazin da bai taɓa fitar da shi kunya ba. Duk wanda ya tsaya gyaran taya sai ya ce masa, “Usta, gwanin tuƙi, in za ka dawo wofi, ka ɗebo muna dutse ko rabin mota ne.” Suka riƙa juyewa a bakin tudu. Gari ya fito gayya, wadda a nan muke kira nafir: maza da shebur, mata da kwanuka a ka, Najwa da giradarta. Ranar da lorin farko ya bi ta bayan gari, dattawa na zaune a gindin ƙubba. Suka ji shiru irin wanda suka manta da shi, har karatun allo ana ji daga ƙetaren hanya. A shekarar aka cike tsagar, aka yi wa ginin sabon yaɓe.

Abin da Habi ta ji tsoro kuwa ya faru. Taya ta daina fashewa, motoci suka daina tsayawa. Salmanu ya koma facin kekuna da amalanke. An ba shi wuri a bakin sabuwar hanya, ya bar wa Talatu. Habi ta fara toya kisra, gurasar dawa mai fale-fale, tana sayarwa. Ban taɓa jin ɗayansu ya yi da-na-sani ba.

Da yaƙi ya koro mutane daga arewa, motoci cike da mata da tsofaffi da katifu suka yi ta kwarara ta wajenmu, hanyar nan ce ta ɗauke su ba tare da sun maƙale ba. Waɗanda suka wuce ba su san sunan wanda ya yanke dawarsa tana kore ba.

Mu mun sani. Kai ne, Salmanu ɗan Omar, guduma mai daidaita ƙarfe. Kai ne ka ga abincinka a gefe ɗaya, ran maƙwabciya a ɗaya gefen, ka zaɓa ba tare da ka san abin da gobe za ta kawo ba. Kai ne ka cire hula a tsakiyar kasuwa don aikin da ba naka kai kaɗai ba. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, kai da Habi, Ya ba ka lafiyar baya da hasken ido.

Ku kuma matasan Hillar Malam da na sauran ƙauyukanmu na bakin kogi, kowane gari yana da tasa matsatsiyar hanyar da kowa ke tsaki a kanta ya wuce. Ba sai kana da muƙami ba, ba sai ka iya magana a taro ba.

Da na je na gaya masa zan rubuta wannan, yana durƙushe kan tayar keke. Bai ɗago ba. “In dai rubutu za ka yi,” ya ce, “bar zancena. Ka rubuta cewa kwarin da ke ƙarshen hanyar har yau ba a yi mishi gada ba, kuma damina ta kusa.”

To, Baba Salmanu, na rubuta. Saura mu ɗauki shebur.