An Ɗauke Ka, Ka Zo Litinin

Shekarar da aka rufe masana'antar taya ta garinsu, Orval Tackett ya kama kwalbar giya, ita ma ta kama shi. Matarsa ta tafi. Da ya daina sha, magana ɗaya 'yarsa Marcy ta yi masa: ranar da ya samu aikin da zai riƙa tashi da safe ya tafi, ranar za ta kawo masa jikansa. Yaron har ya fara tafiya, Orval bai taɓa ɗaukarsa ba, kuma abin yana cin ransa.

Wannan ne ya kai shi cibiyar da ke ƙasan tsohon cocin unguwa, inda ake raba wa mabuƙata abinci, ake kuma koya wa irinsu neman aiki. Da safe ya jera gwangwanayen wake, da rana ya shiga aji. Renita Boggs mai kula da wurin ta ce masa aikin sa-kai ma aiki ne. Ya gaya wa Marcy haka, ta ce ya bar wasa. Ya rasa wa zai bi a cikinsu.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne gwajin Alhamis. Sai a kawo wani ɗan sa-kai, tsohon malamin makaranta ko matar fasto, ya zauna bayan tebur kamar mai kamfani, ya yi ta jero tambayoyi. A ƙarshe, don ƙarfafa gwiwa, sai ya miƙo hannu ya ce, "An ɗauke ka, ka zo Litinin." Karon farko Orval ya ɗauka da gaske ne. Ya goge takalmi, ya aro kwat, ya zo Litinin yana tambayar ina kamfanin. Ba wanda ya yi dariya a gabansa, amma ya ji ta a bayan ƙofa, ya sha alwashin ba za a sake ba.

Wata Alhamis Renita na kan waya, ta nuna masa ɗakin gwajin da hannu kawai. Ya tarar da wani ƙato cikin rigar sanyi mai tabon garin fulawa.

"Sizemore sunana, ina da gidan burodi."

"To, yau burodi aka ba ka," in ji Orval. "Makon jiya banki ne."

Mutumin ya dube shi. "Me ya raba ka da aiki tsawon shekarun nan?"

Orval ya gaji da amsoshin hadda, kuma tunda wasa ne, me zai ɓoye? "Giya ce, ɗan'uwa. Na bar ta, kullum ina nan tun kafin a buɗe ƙofa. Jikana nake son gani."

"Za ka iya sammako?"

"Barcin ma ina na gan shi? Amma bari in ba ka shawara, ba ka yi kama da mai kamfani ba. Ka riƙa sa nakatai."

Sizemore ya yi dariya har da tari, ya miƙo hannu. "An ɗauke ka. Ka zo Litinin."

"Na gode, haka kuke cewa dama."

Litinin da hantsi Orval na jera taliya sai ga Renita, ta tsaya turus.

"Baba Orval, me kake yi a nan? Mista Sizemore ya bugo waya, tun safe yake jiranka!"

"Wane Sizemore? Mai wasan burodi?"

"Wane irin wasa? Gidan burodinsa na bakin gada! Ban gaya maka ba?"

"Hannu kika nuna min."

Renita ta dafe kai, ta fizgo makullin motarta. "Taho, ko Allah zai sa bai ba wani ba."

Orval bai motsa ba, kwalin taliya na hannunsa. Tsoro ne ya kama shi, ba murna ba.

"Kalmomin fa iri ɗaya ne, Renita," ya ce a hankali. "Ta yaya zan gane? Rabon da wani ya faɗa min da gaske, tun Marcy tana makaranta."

Ya ajiye kwalin a inda ba wurinsa ba, ya bi ta.