Yaya Sale, Wanda Ya Duba Kowace Hanta Ban Da Tasa

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa, amma har yau in na bi ta bakin kwata da sassafe sai in ji kamar zan jiyo shi yana wasa wuƙa. Wana ne, ciki ɗaya, mahauci ɗan mahauci. Ni kaɗai aka tura makaranta a gidanmu na Jambutu, domin Baba ya ce hannuna ya fi dacewa da cokali fiye da wuƙa. Bai yi ƙarya ba. Yau tumbina kan riga ni shiga aji, ɗalibai su gaishe shi kafin in iso.

Hantar da Yaya ya riƙe a rayuwarsa, da za a tara ta da ta tare kogin Binuwai. Yana farke cikin bijimin sa zai zura hannu ya ciro ta, ya juya, ya tsaga, in ya ga tsutsa ko ƙulli ya jefar. Sai dai mahautanmu suna da ƙa'ida: a tsaye ake sayen sa, abin da ke cikinsa rabon mai saye ne. Ba a sanin hanta sai an feɗe. Duk wanda ya tsananta binciken dabba tana da rai, so yake ya karya mata daraja.

Da wannan ƙa'idar ya auna kansa. Lokacin da ya je ba da jini aka ce yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, wataƙila tun daga haihuwa, likita ya ce ya riƙa zuwa sau biyu a shekara ana haska cikinsa da na'urar nan da muke kira eko. Yaya ya yi dariya har da buga cinya. Wanzami ba ya son jarfa. Amma a hanyar gida ya gaya mini abin da ke ransa: "Bala, ranar da aka ji Sale na zaryar asibiti saboda hanta, wa zai sake cin naman da hannuna ya taɓa?" Na ce ai ba a ɗaukarta ta nama. Ya ce in je kasuwa in yi wannan bayani, yana jirana.

Bai koma ba sai da idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya ɗaure kamar ganga. Ciwon daji ne, ya riga ya cinye hantar.

Yanzu ga shi ana ta muhawara a kan wannan bincike, a rediyo da majalisu, har tsakanin likitocin kansu. Wasu na cewa a riƙa duba duk mai ƙwayar, domin dajin hanta ba ya sallama, in ya yi magana to ya gama aiki. Wasu na cewa hoton kan nuna tabon da ba kome ba ne, a hana mutum barci a banza; in kuma na gaske ne, aikin tiyata sai Yawunde, babban birninmu, ko gaba da nan, to me ka ƙara wa talaka ban da sanin ranar kuka? Na san da Yaya na nan da ya zauna a ɓangare na biyu, ya raba musu balangu kyauta.

Ni ba daga nesa nake sauraro ba. Nonon da ya sha na sha, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. 'Yarsa Hajara, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ja ni gwajin jini bayan rasuwarsa, aka sami ƙwayar. Tun daga nan nake kwanciya a gadon eko, a shafe min ciki da mai kamar ragon da za a gasa, ina ba ma'aikatan asibitin dariya. A zuwan da na yi na baya, mai hoton ya daina dariya. Ya tsaya a wuri ɗaya ya daɗe. Ya ce akwai ɗan tabo, ƙila ba kome, in dawo a sake dubawa.

Ranar Alhamis ce komawar. Mutumin da kan share akushi uku, yau ƙwarya ɗaya ta kunu tana gagarata. Da Sallar layya aka kawo min gasasshiyar hantar ragona, wadda a gidanmu da ita ake fara karyawa, na dube ta, ta dube ni, na ce a kai wa yara. Na gaya wa Hajara ko in bari kawai, tunda likitoci ma ba su daidaita ba. Ta ce, "Baffa, su musu suke yi a kan jama'a. Ni uba ɗaya ya rage min."

Yaya bai bar gini ba, rumfarsa ma wani ke ciki. Abin da ya bar min ya faru ne kwanaki kaɗan kafin cikawarsa. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya danna, yadda yakan koya wa sababbin mahauta. Wurin tauri kamar dutsen niƙa. Ya ce, "Ka ji ta? Irin wannan nake jefarwa." Ya huta, sannan ya ce, "Ƙa'idar nan ta shanu ce, Bala. Kai a duba taka kana tsaye."

Ban san wanda zai ci muhawarar ba, kuma ban san abin da za a gani ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya kai haske kabarinsa. Ranar Alhamis zan ɗage riga da kaina.