Tauraron Ciyaman

Tun yana ƙarami ake kiransa Goga, don duk bangon da ya gani fili sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya zana almakashi a shagon aski, ya zana haƙori mai tsawon kamu biyu a ƙofar likita. Ƙa'idarsa ɗaya ce: gwargwadon girman mutum, gwargwadon zanensa. Da ita ya aurar da ƙannensa uku, ya yi wa tsohuwarsa rufin kwano.

Babban aikinsa ya zo ne da kwamitin iyayen yara na wata makaranta suka ba shi bangon ɗakin kimiyya: ya zana yadda taurari ke samuwa, kowane ɗan kwamiti da tauraronsa, da sunansa a jiki. In ya burge su, sauran banguna goma sha ɗaya na makarantar nasa ne.

Goga ya yi lissafi. Ciyaman ɗin kwamitin gwangwani biyu na rawayan fenti, Ma'aji ɗaya, sauran su raba abin da ya rage.

"Goga, ƙara masa kumatu ta nan," in ji Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, kaɗan ya rage ka cinye taga."

"To cinye ta mana!"

Malamar kimiyya ta kawo bayanin da za a sa a ƙasa. Shi Goga ba ya karanta abin da yake rubutawa, haruffa kawai yake ƙirgawa su shiga layi. Ranar buɗewa Ma'aji ya gyara murya, ya karanta wa taro:

"Taurari daga gajimare ɗaya na gas da ƙura suke fitowa. Wanda ya fi jawo na kowa cikinsa shi ya fi nauyi. Da ya kama wuta sai ya hure ragowar, 'yan'uwansa su rasa abin ƙari. Kuma shi ke fara mutuwa."

Iyaye suka kalli tauraron, suka kalli Ciyaman. Wata a baya ta ce, "Allah sarki!"

Ana watsewa Ciyaman ya damƙe hannun Goga. "Kashe ni za ka yi? Rage shi!"

Ma'aji ya biyo baya: nasa kada ya kai na Ciyaman. Haka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, Goga na bin su da baƙin fenti, har bango ya koma baƙi ƙirin da ɗigo tara kamar kashin ƙuda.

Ciyaman ya zo dubawa, ya matso, ya ƙanƙance ido.

"Ashe aikin ɗigo ne. Wannan ai kowa zai iya."

Ya ba surukinsa sauran bangunan.