Ruwa a Gindin Bokiti

A gida kwalta muke ce mata, kamar yadda muka ji a bakin iyayenmu, amma a wajen aiki kowa zifti yake cewa. Yayana ne ya koya mini aikinta. Ya girme ni da shekara tara. Lokacin da abin nan ya faru na haura talatin, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma mun shekara bakwai muna aiki tare.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasar, Madina ta yi ta faɗaɗa. A hanyar filin jirgi aka gina unguwanni masu katanga, gidaje iri ɗaya a jere, yawancinsu na ma'aikata. Manyan kamfanoni su shimfiɗa titi su tafi. Bayan shekara biyu ko uku sai ka ga titin ya koɗe ya yi toka-toka, ya tsattsage, don rana tana gasa shi wata da watanni, sanyin hunturu kuma ya zo ya ƙanƙame shi. A nan ne masu gidajen suke haɗa kai, lajnarsu, wato kwamitin unguwa, ta nemi ƙananan ma'aikata irinmu. Mu share titin, mu ɗura kwalta mai zafi a cikin tsagogin, mu shafe samansa gaba ɗaya da siririn rufi, mu watsa yashi.

Mu uku ne: ni, da Yaya, da wani dattijo mutumin Cadi mai tuƙa mana motar kaya, shi ne kuma yake kula da wutar gangar da muke dafa kwalta a ciki. Yaya ba mai yawan magana ba ne. Doka ɗaya yake maimaitawa har ta gundure mu: ruwa ba ya taɓa bokitin aiki. Da kananzir da tsumma ake goge shi. Yakan ce kwalta mai tafasa idan ta haɗu da ruwa ko cokali ɗaya ne, tashi take yi.

Aikin da nake magana a kai mun karɓe shi a tsakiyar zafi. Yaya ya so a bari sai yanayi ya sassauta, amma shugaban lajna ya ƙi. Ya ce alhazai sun kusa fara sauka, mutanen unguwar duk a filin jirgi suke aiki, ba za su yarda a tare musu hanya a lokacin ba.

"Ya ustaz, ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi," in ji Yaya.

"Kwana huɗu ne kawai. Halas, magana ta ƙare, ku fara."

Muka fara. Rana ta uku da azahar na nemi butarmu na rasa, ashe a gida muka baro ta. Akwai famfo a bakin lambun wani gida, amma yana can ƙarshen layi, ni kuwa na gaji. Na ɗauki bokiti ɗaya da ba mu yi aiki da shi ba tun safe, na ɗebo ruwa, na dawo inuwar mota na yi alwala a zaune. Na zubar da saura, na mayar da bokitin cikin 'yan uwansa. Ban kife shi ba, ban goge ba. Cikinsa baƙi ƙirin ne, ko an leƙa ba a ganin ɗan abin da ya kwanta a gindi. Na ce a raina rana za ta shanye shi kafin mu idar da salla. Na manta a ƙarƙashin mota muke ajiye su, inda rana ba ta kaiwa.

Bayan salla Yaya ya jawo bokitin nan, ya tsuguna, ya tara shi a bakin gangar, ya murɗa. Ina tsaye kamar taku goma daga gare shi, riƙe da tsintsiya. Na ji wani ƙara kamar an jefa ɗanyen nama a tafasasshen mai. Kwaltar ta kumbura ta yi tsiri, ta feso masa a hannuwa biyu da gefen fuska. Bai yi ihu ba. Ya miƙe, ya ɗaga hannuwansa yana kallonsu, sannan ya zauna daɓas a kan titin.

Dattijon ne ya yi hankali, ni kam na daskare. Ya ruga ya jawo tiyon lambu, ya yi ta kwarara masa ruwa, yana ce mini kada in yarda in ɓamɓare komai daga fatar. Muka sa shi a mota. A hanya Yaya ya ce mini, "Ka kashe wutar gangar?" Na ce an kashe. Muka isa asibiti.

Kwana biyu suna cire kwaltar da wani mai, kaɗan-kaɗan, fata tana biyo ta. Idon hagu ya tafi. Kashegari shugaban lajna ya zo dubiya da kwalin dabino, ya yi addu'a mai tsawo, kuma na yarda har zuciyarsa ya yi ta. Da na rako shi baranda sai ya rage murya, ya ce rabin titin yana nan a tare, mutane suna ajiye motoci a waje, yaushe za a ƙarasa. Washegari ni da dattijon muka koma muka ƙarasa. Inda Yaya ya zauna akwai shaidar tafin hannunsa a kwaltar. Ni na shafe wurin.

Ranar da aka sallamo shi gida, a unguwar Anbariyya, matarsa ta zaunar da ni a gabansa. Ta ce shekara ashirin yana wannan aikin ko yatsa bai taɓa ƙonewa ba, tana so ta san yadda aka yi ruwa ya shiga bokiti. Na buɗe baki, Yaya ya riga ni.

"Raɓa ce," ya ce.

Ta dube shi, ta dube ni. Babu wanda ya taɓa ganin raɓa a Madina a irin wannan watan, balle da azahar. Ta tashi ta shiga kicin. Tun daga ranar ba ta ƙara kirana da sunan wasan da ta saba ba. Tana gaishe ni, tana kawo mini shayi, shi ke nan.

Hannuwan sun warke a ƙanƙance, yatsu uku na dama sun manne. Ba ya iya ɓalle maɓallin riga. Wani maƙwabci ya ba shi kujera a bakin shagonsa, yana sayar da asuwaki da carbi ga masu ziyara. Na kai wata takwas ina ɗauke da maganar. Wata la'asar na same shi shi kaɗai a kujerar, na tsuguna na gaya masa komai.

Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Bayan ka tashi ni ma da sauran ruwan na yi alwala. Ni na mayar da bokitin."

"Yaya, na gan ka kana alwala a bakin famfo."

"Na ce maka ni na mayar. Tashi, kana tare wa masu saye hanya."

Na tashi. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Ban iya ci gaba da aikin ba. Da na ji warin kwalta mai zafi sai in bar wurin. Na sayar da gangar da motar, dattijon ya koma wajen 'yarsa, ni kuma na sami aikin gadi a garin Yanbu, inda ake ta gina matatun mai. Duk ƙarshen wata nake zuwa Madina. Kowane zuwa sai in tarar tarinsa ya ƙaru; likita ya ce hayaƙin shekarun baya ne ya zauna masa a ƙirji. Ya yi shekara shida a haka. Ya rasu ranar wata Talata ina bakin aiki, na iso ana shirin fita da shi.

A hanyar dawowa daga maƙabarta babban ɗansa, wanda lokacin ya zama magidanci, ya jera da ni. Yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, kamar sauran tsararsa. Ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "me ya faru da hannun babana? A gida ba a faɗa."

Na gaya masa da Hausa, ban rage komai ba. Muka ƙara tafiya kaɗan. Sannan ya ce Allah ya ji ƙansa, ya ce in jira a nan cikin inuwa, bari ya kawo mota.