Kaset ɗin da ya kai Baba bariki

Malam Edita, ina roƙon ɗan fili a mujallarku in sauke wani abu da ya daɗe yana cina a rai. A shekarun da kuɗin man fetur ya fara kwararowa ƙasar nan, soja na kan mulki, ni saurayi ne mai shekara ashirin da 'yan kai, masinja a wata ma'aikata a Sakkwato. Ba ni da mata, ba ni da nauyin kowa sai na bakina, kuma bakin nan nawa ba ya rufuwa. Babban burina a duniya shi ne a ce ni na fara jin abu, ni na fara kawo shi. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wasu abokaina suka sayi babur, wasu suka sa wa ɗakunan iyayensu rufin kwano. Ni kuwa da nawa hankalin sai na sayi rakoda har biyu, na haɗa su da waya, na kafa tebur a bakin titi a Gidan Igwai. In na tashi aiki sai in zauna ina juyar waƙoƙi daga wannan kaset zuwa wancan ina sayarwa, ina jin kaina kamar mai gidan rediyo.

Akwai wani babban mawaƙi a cikin gari, mai kiɗan kalangu, wanda ba zan faɗi sunansa ba. A lokacin ana sa waƙoƙinsa a rediyo, ana aiko mota daga Kano da Kaduna har da Nijar a ɗauke shi biki. Aminin mahaifina ne tun suna yara, kuma da mahaifina zai rasu hannunsa ya danƙa ni. Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ɗana. A zaurensa yake ɗora sabuwar waƙa bayan la'asar, shi da 'yan amshinsa, su maimaita har ta zauna. Zauren nan yana da doka guda wadda kowa ya sani ba sai an faɗa masa ba: abin da aka rera a ciki ba waƙa ba ne tukuna, sai ranar da Baba ya fito da shi fili da bakinsa. Ko matansa ba sa tambaya. Ni kaɗai ne wanda ba makaɗi ba da ake bari ya zauna, saboda darajar mahaifina.

Wata Laraba Baba ya ce in zo da rakodata, yana so ya ji yadda amshin wata sabuwar waƙa ke fita. Na ɗauka, na mayar masa ya saurara, ya gyara abin da zai gyara. Muna cikin haka sai ga taubashinsa ya yi sallama. Wani tsoho ne mai gadin makaranta, wanda duk unguwa ke kira Manjo saboda wata tsohuwar rigar soja da ya saya a gwanjo, ba ya cire ta ko ana zafin bazara. Kun san wasan taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, babu abin da ba sa faɗa wa juna kuma ba a fushi. To da babbar Sallar da ta wuce ragon maƙwabci ya kwance ya bi tsohon nan, ya ruga har ya bar takalmansa a lungu. Baba na ganinsa ya ce in kashe na'urar, ya jawo kalangu, nan take ya ƙaga masa waƙa. Amshinta shi ne, “Manjo ya ga ƙaho yas sheƙa, takalminai na nan mun aje mai.” 'Yan amshi suka ɗauka, tsohon yana rama zagi yana cewa ai Baba ko ɗan akuya ba ya iya kamawa, kowa na dariya har da hawaye. Ni kuwa na kai hannu kamar na kashe, na kifa hulata a kan rakodar, na bar kaset yana juyawa.

Wallahi ban yi da niyyar sayarwa ba, so nake kawai in sa wa abokaina su san inda nake shiga. Amma da na sa a teburina, wani direban tasi ya nace sai na juya masa. Da zan juya sai na ga sallamar tsohon da zage-zagensa da dariyar mutane duk cin kaset ne, na yanke su, na bar waƙar zalla. Kashegari mutum uku suka zo nema, jibi na daina ƙirgawa. Kafin mako biyu ana jin ta a tasha, a teburan masu shayi, a shagunan teloli na Mabera. Na lura mutane na rage murya in za su tambaye ni ita, suna waige-waige, sai na ɗauka daɗinta ne ya kama su. Ni da nake taƙama da jin labari kafin kowa, ni ne na ƙarshe da ya gane abin da gari ke yi wa dariya.

Maƙwabcina ne ya buɗe mini ido, wani malamin firamare Kirista mutumin Filato, wanda ƙanin matarsa kofur ne a bariki. Ya ja ni gefe da hantsi ya tambaye ni ko na san akwai wani hafsa mai muƙamin manjo a garin nan, wanda ke fita da sojoji suna rushe rumfunan bakin titi suna sa mutane tsallen kwaɗo. Na ce wa bai san shi ba. Ya ce to an daɗe ana raɗe-raɗin cewa lokacin yaƙin basasa mutumin ya gudu ya bar yaransa a daji, kuma yanzu duk gari ya yarda da shi Baba yake. Ya ce kaset ɗin ya shiga bariki, ƙananan sojoji na yin fito da amshin da baki in hafsan ya wuce. Ya ba ni shawara in je in gaya wa Baba tun kafin a zo masa. Maimakon in nufi gidan Baba, sai na ruga ɗakina, na kwashe duk kaset ɗin da ke da waƙar, har da na asalin da na ɗauka a zaure, na zuba su a masai.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. In na ji ƙarar babbar mota sai in miƙe tsaye ba dalili. A ofis aka aike ni da takarda na kai ta wata ma'aikatar daban. Na daina bin layin gidan Baba, in zan je kasuwa sai in zagaya ta wajen Hubbare, in tsaya in yi addu'a Allah ya sa maganar ta mutu. Ba ta mutu ba. Ranar wata Asabar da safe sojoji suka tsaya a ƙofar gidansa, suka sa shi a bayan mota gaban iyalinsa da maƙwabta, ko hula ba su bari ya ɗauka ba.

Da azahar babban ɗan amshinsa ya same ni. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce kowa a zauren ya san rakodar wa ke wurin ranar nan. Ya ce Baba ya yi wa sojoji bayani cewa wasa ne da taubashinsa, suka ce ƙarya yake, in gaskiya ne ya faɗi wanda ya ɗauka ya yaɗa, a kawo shi ya yi shaida. Baba ya ce bai sani ba. Ɗan amshin ya ce abu ɗaya zai fitar da shi, kaset na asali, wanda ake jin sallamar tsohon da muryarsa yana ramawa. Ya ce in ba shi kawai, shi zai kai, ba sai an ga fuskata ba. Na kasa gaya masa inda kaset ɗin yake. Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Yana juya baya na tsallaka tasha na hau motar ƙauyen gwaggona.

Kwana tara na yi a ƙauyen. Lokacin girbin gero ne, na shiga gona ina taya su ɗaurin dami don kada a tambaye ni abin da ya kawo ni. Kowace safiya sai in ce yau zan koma in gabatar da kaina, ko ba kaset ai ina da baki. Sai in tuna labaran da ake bayarwa na abin da ake yi wa mutum a gadurum, ɗakin tsare mutane na bariki, in ce bari dai gobe. Na riƙa lallashin kaina cewa Baba babban mutum ne, manyan gari ba za su bari ya kwana biyu ba, ni kuwa masinja wa zai tambayi inda nake. A kwana na biyar wani mai sayar da gishiri ya shigo ƙauyen da rakoda rataye a kekensa, waƙar nan ce ke tashi, yara na bin sa suna amshi. Na koma bayan rumbu na yi amai. Gwaggona ta ce ciwon shawara ne ya kama ni, ta dafa mini saiwa.

Abin da na kasa yi, tsohon nan mai gadi ne ya yi. Ya sa rigarsa ta soja, ya ɗauki mai unguwa da liman da mai ragon, suka yi kwana uku suna zaman ƙofar bariki kafin a saurare su. An ce sojoji sun sa shi ya kwatanta yadda ya gudu suna ta dariya, suka kuma karɓe rigar. Daga ƙarshe aka saki Baba, an aske masa kai, bisa sharaɗin ya fito fili ya yi wa hafsan waƙar yabo. Ya yi ta. Mutanen da suka riƙa cewa babu namiji irinsa su ne suka koma cewa an tanƙwara shi, wasu har suna yi masa amshin waƙar ragon in ya wuce. Gayyatar biki ta ja baya. Zauren kuma ya daina cika bayan la'asar, domin Baba ya ce daga ranar ba wanda zai sake jin waƙarsa kafin ta nuna.

Sai da na yi mako da dawowa na iya zuwa. Na same shi zaune a tabarma, ya rame, ƙafafunsa a kumbure. Na durƙusa na faɗi komai, da hular da na kifa, da abin da na yanke, da masai, da ƙauye. Ya saurara har na gama, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce batun kaset ƙuruciya ce, ya yafe tun yana can. Ya ce bai faɗi sunana ba don ba zai iya haɗa ido da mahaifina gobe kiyama ba. Sannan ya dube ni ya ce, “Amma ɗana, kullum anka buɗe ƙohwa sai in ce ga shi nan ya zaka.” Bai ƙara komai ba. Ya ci gaba da kirana ɗana har ya bar duniya, ya halarci ɗaurin aurena, ya raɗa wa ɗan farina suna. Ni ne dai ban sake iya zama a gabansa na saki jiki ba.

Yau na tsufa, ina ganin jikokina kowa da waya a hannu, da an yi abin dariya a gida sai a ɗaga ta. Ina gaya musu cewa wasan da aka yi tsakanin mutum biyu da suka san juna, in ka yanke shi ka fitar, ba ka san kunnen da zai faɗa ba, kuma ba kai za a je kamawa ba. Wanda ya bar ka ka zauna a zaurensa amana ya ba ka, ko bai furta ba. Amma gargaɗin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne na biyu. Kuskure kowa na yi, ana kuma yafe shi, nawa ma an yafe. Gudun da na yi bayansa shi ne har yanzu ban samu inda zan ajiye ba. In ka jefa wani cikin wahala, ka je wurinsa a ranar, ko hannunka babu abin da zai fitar da shi. Ni na bar dattijo kwana tara yana kallon ƙofa.