Minjirya a Ƙeyar Kwamfuta

Ni ɗiyar masunta ce daga Argungu. Ban yi boko ba, amma na san minjirya, kifin nan mai jan mutum kamar lantarki. Ko an fid da ita daga ruwa tana kwance lakwas, ka taɓa ta ka ji a gwiwar hannunka.

Shekarar da autarmu ke rubutun gama makaranta, muna zaune Gwadangaji, gilashin kwamfutarta ya mutu. Irin mai ƙeyar nan ne, kamar tsohuwar talabijin. Maigidana kuwa, tun da ya taɓa tayar da injin ban ruwa a fadamar Gulma, ya ɗauki kansa injiniya. Da hantsi na iske shi bisa tabarma, ya kwance bayan abin, ya jera kusoshi cikin faifaina na tankaɗe.

Na ce, "Malam, mi kaka yi?"

Ya ce, "Gyara. Na zare waya, kuma an ɗauke wuta tun asuba. Ina wutar za ta fito?"

Na leƙa. Ga wata jar waya mai kauri, kanta da roba manne da ƙatuwar kwalbar gilashin da ke ciki kamar bakin kifi. Can yatsunsa suka nufa. Jikina bai ba ni ba. Kullum in yarinyar ta kashe abin nan na zo sharar ƙura, sai in ji gashin hannuna na tashi. Abin da ke yin haka a kashe bai mutu ba.

Na ɗora muciya bisa hannunsa. "Minjirya ce. Ban shirya takaba ba."

"Hajiya, kifi cikin kwamfuta?"

Ya yi dariya har da tari, amma ban ɗaga muciyar ba sai da ya yarda muka sa abin a keke napep zuwa kasuwa, wurin wani Ibo mai gyara da ya fi ni iya Kabanci.

Da ya ji labari sai ya ce, "Baba, ja baya." Ya ɗaura waya jikin sukudireba, ya maƙala ɗaya bakin ga ƙarfen ciki, ya sa hannu guda a aljihu, ya zura ta ƙarƙashin robar. Tas! Wuta shuɗiya ta yi tsalle. Malam ma ya yi nasa tsallen, hula ta faɗi.

Mai gyara ya ce abin na riƙe wuta kwana da kwanaki bayan an kashe, tana iya yar da ƙato, kwalbar ma in ta fashe sai ta watsa gilashi a fuska. "Mama, wa ya koya miki?"

Na ce, "Kogi."

A hanyar gida, da muka wuce shataletale, Malam ya ce dama ya san da wutar, gwada ni yake yi. Na miƙa masa hularsa, na ce hala ita ma da ta faɗi gwada ni take yi.