Shekarar da Buzuzu Ya Ƙaurace wa Gonata

Gonar da na gada a wurin mahaifina tana kan hanyar Illo, tudu ce mai jan yashi, ba nisa da iyakar Benin. Ni malamar firamare ce a Bagudo, noma sai Asabar da lokacin hutu, amma ban taɓa yarda na ba da aronta ba. Tare da gonar na gaji amincin da ke tsakanin mahaifina da wani Bafillace makiyayi, wanda tun ina yarinya nake ce masa Baffa.

Kowace shekara in an gama yankan dawa, Baffa zai koro shanunsa daga tsallaken iyaka, inda yake cin damina, ya sauka a gonar. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, su bar mana taki. Ba ya tashi sai ruwa ya zauna an fara shirin shuka. Mu kuma mukan kai masa damman dawa da kanwa, shi ya aiko mana da nono da man shanu. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba.

Kashin da shanu suka zubar da rani, gara ce ke cinye shi a hankali. Na farkon damina kuwa, ɗanye, rabon buzuzu ne. Saniya na gama kashi za ka ji ƙugi ta kowane ɓangare, sai ga su suna faɗowa a kai, manya baƙaƙe da ƙanana masu ƙyalli. Wasu su dunƙule rabonsu su yi ta gangara shi da ƙafafun baya, kai a ƙasa, in ya kuɓuce musu su bi shi su hau su sake. Wasu kuma a nan ƙarƙashinsa suke haƙa rami su ja shi ciki. In ka dawo washegari ba ka ganin komai sai tsibin ƙasa mai laushi da ƙananan ramuka. Balbelu da zabi su zo su yi ta tono. Ban taɓa jin wani a gidanmu ya yi maganarsu ba, sai dai in yara sun tsaya kallo a kore su aiki.

Wata shekara na je share gona bayan ruwa ya sauka, Baffa yana ta haɗa kayan tashi. Sai na ga kashin shanu birjik a mashekari, wato inda garken ke kwana, ya bushe ta sama ya yi tauri kamar faifai. Na sa fartanya na fasa wani. Ciki ba rami, ba tsutsa, ba komai. A gefe na ga buzuzu kwance rigingine, ƙafafu a sama. Na ce ko zafi ne, na wuce. Shekara ta zagayo, abin ya fi na bara. Har muka yi noman farko fayafayan nan suna nan inda shanu suka bar su, muna ta fasa su da hannu.

Da na gaya wa maigidana, wanda yake ɗinki a kasuwa, ya yi dariya har ya ajiye almakashi.

"Malama, yanzu duk abin da ke damun mutane, ke buzuzu ne ya dame ki? Maganin feshi ne. Kowa na fesa ciyawa."

"Ni ban fesa ba," na ce. "Kuma maƙwabcinmu da ke feshin, je ka ga gindin kiryar da yake ɗaure jakinsa. Buzuzu na nan cike."

Ya ce to, wannan kuma sai masu sani.

Akwai malamin dabbobi da 'yarsa ke ajina, yakan kawo ta da safe a kan babur. Ran nan na tsayar da shi a bakin ƙofar makaranta na ba shi labari, ina jin nauyi kada ya ɗauke ni marar aikin yi. Sai na ga ya kashe babur.

"Mai shanun yana yi musu allurar tsutsar ciki?"

Nan na tuna da kwalbar da Baffa ke ajiyewa cikin jakar fata. Wasu shekaru kafin nan ya yi asarar maruƙa da yawa. Suna ramewa, gashi ya tashi, zawo ya kwantar da su, kaska kuma ta cika kunnuwan manyan. Ranar da ya binne 'yar karsanar da ya fi so, ko abinci bai ci ba. Daga baya wani ya nuna masa maganin a kasuwar Illo. Tun daga lokacin, da ruwa ya sauka sai ya bi garken kaf da allura, babba da ƙarami, mai ciwo da lafiyayye, wani lokaci ma ya ƙara kafin ya tashi. Shanu kuwa suka yi kyau, suka yi sheƙi.

Malamin ya ce maganin na da kyau, shi ma yana ba da shi. Sai dai ba ya ƙarewa a jikin saniya, yana fita cikin kashi har tsawon makonni, da ƙarfinsa. Buzuzu ya ci, ya kai wa 'ya'yansa cikin rami, su mutu tun ba su fito ba. In aka yi haka shekara da shekara a wuri ɗaya, sai su ƙare. Ya ce in ruwa ya wanke shi zuwa tafki ma, ƙananan ƙwarin da kifi ke ci ba sa tsira.

"Dabara tana nan," in ji shi. "Amma sai mai shanu ya yarda."

Na kwana biyu ina juya yadda zan faɗa wa Baffa. Ranar Asabar da hantsi na same shi zaune a kan tabarma yana tufkar igiya. Ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya, muka gaisa, ya tambayi yara. Sai na kawo maganar, na bi ta a hankali yadda na iya. Ya daina tufka.

"Ɗiyata, mi kike son ki ce mini? Takin shanuna ya zama guba?"

"A'a, Baffa. Maganin ne ke biyo shi."

"Wanga magani shi ya tsayar mini da garke. Kina nan sanda nike jan maruƙa ina kai su rami." Ya dubi shanun. "Tun babanki na saurayi shanun gidanmu ke kwana a ƙasar nan. Bai taɓa ce mini sun ɓata mai gona ba."

Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma bai ƙara dubana ba. Da ya tashi a makon nan, ko sallama bai biyo ya yi ba, abin da bai taɓa yi ba.

Daminar nan ban ji daɗinta ba. Dawa ta yi daidai gwargwado, amma kullum ina tunanin ko na raba abin da iyaye suka ƙulla saboda ƙwaro. Maigidana ya daina zolayata. Shi ne ma ya samo ɗan kabu-kabu mai shiga ƙauyukan tsallake, muka ba shi kanwa da goro ya kai wa Baffa. Ya dawo da man shanu a 'yar ƙwarya, ba saƙon baki.

Muna gama yanka, ina cikin gona muna ɗaurin dami, sai na hango ƙahoni daga yamma. Baffa ne a gaba da sanda a kafaɗa. Na saki igiya na tarye shi, na durƙusa na gaishe shi. Sai da ya sha ruwa ya ce:

"Na duba. Can inda muka yi damina, duk inda shanu suka kwana kashi na nan kamar an jera. Ciyawar ƙarƙashinsa ta mutu, ta gefensa kuma shanu ba su son ta. Da can ba haka nike barin mashekari ba." Ya gyara hula. "Ki kira mini malamin nan naki. Amma ki gaya mai, ba ni barin maruƙana su mutu."

Malamin ya zo gab da saukar ruwa. Suka shiga cikin garke tare, yana buɗe idon saniya yana duba fatar ciki, yana shafa haƙarƙari. Baffa na biye da shi yana faɗa masa tarihin kowace, wadda ta yi ɓari, wadda ba ta taɓa ciwo ba. Sun yi gardama a kan wani bijimi, malamin ya ce lafiyarsa lau, Baffa ya ce shi ya san tafiyarsa ta sauya. Aka yi masa allurar don a zauna lafiya. A ƙarshe bijimin nan da maruƙa da 'yan ramammu kaɗai aka yi wa, kowace gwargwadon girmanta. Malamin ya kuma ja kunne cewa saniyar da aka yi wa allura, a dakata da shan nononta na ɗan lokaci.

Waɗanda aka yi wa muka ɗaure su daban a kusurwar gona, can nesa da kwarin da ruwa ke bi. Maigidana da kansa ya rufe shago ya zo muka haƙa rami. Kashinsu a nan muke tarawa, mu zuba kara da toka, mu bar shi ya ruɓe har wata shekarar. Aiki ne, ba na musu. Akwai ranakun da nake tashi daga makaranta a gajiye in tarar da aikin yana jirana.

Shekarar farko ban ga wani canji ba. Ta biyu na fara ganin ramuka nan da can, ƙananan ne suka fara dawowa. Manyan baƙaƙen nan har yanzu jefi-jefi nake ganinsu, ba kamar lokacin ƙuruciyata ba, kuma ban sani ba ko za su koma yadda suke. Amma fartanya na shiga ƙasa da sauƙi a mashekari, maruƙan Baffa kuma suna tashi lafiya. Takin ramin nan shi nake kaiwa bayan gida, inda nake ɗan shuka kuɓewa da yakuwa.

Bara da damina Baffa ya aiko wai in zo rugarsu ta tsallake, in yi wa 'yan'uwansa bayani da bakina, don shi in ya faɗa sai su ce tsufa ne. Na ce ni da ba likita ba? Ya ce ai malama ce, magana aikina ne. Muka je ni da maigidana ranar kasuwa, a kan babur, hanya duk taɓo. Suka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, maza a gefe, mata a bayansu suna saurare. Na faɗi abin da na gani a gonata, Baffa yana juya musu da Fulatanci, yana ƙara nasa. Wani dattijo ya yi ta tambaya har sai da na ce wannan kam sai malamin dabbobi. Wani saurayi kuwa ya ce shi dai ba zai rage wa shanunsa allura ba, Baffa ya ce masa shanunsa ne, ya yi yadda ya ga dama.

Matan suka dama mana fura mai sanyi, suka riƙe ni da hira a kan yadda za su sa 'ya'yansu makaranta alhali rabin shekara suna wannan ƙasa, rabi suna waccan. Sai bayan la'asar muka kamo hanya, ina rungume da ƙwaryar nono a cinya, ina ta roƙon maigidana ya bi ramuka a hankali kada ya zube.